Injin kwance noti mai batir: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da waɗannan injina suka cika kasuwa, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini. Ga amsoshin a wuri guda. Da mai mota ɗaya ko biyu nake magana, wanda ke son canja taya da birki a ƙofar gida. Mai gareji lissafinsa daban ne.

Zan iya ɗaure taya da shi?

Da wannan zan fara domin a nan ake ɓarna. Injin na kwancewa ne. Notin tayar Corolla da Camry ƙarfin ɗaurinsa 103 Nm ne (Nm shi ne awon ƙarfin murɗa noti), na Honda Accord 108, na Golf 120. Injin da ke hannunka yana iya bugun 400 ko fiye. Ka danna shi har ya gaji, kusar tayar ta miƙe, zarenta ya lalace, wata rana ta tsinke kana kan hanyar Zariya da iyali a mota. Ka fara sa kowane noti da yatsunka, zagaye uku ko huɗu, ka tabbata ya hau daidai. Sai ka matso da shi da injin a mataki mafi rauni, kana tsallake noti ɗaya zuwa na gabansa. Ka sauke motar, ka ƙarasa da sifana mai awo, wadda ke yin ƙara “ƙas” idan ta kai adadin da ka saita. In kuɗinka ba zai sayi duka biyun ba, sifana mai awo za ka fara saya.

Ɗan ƙaramin da nake ɗaure kusoshi a katako da shi fa, ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Bakinsa kwatan inci ne mai kusurwa shida. Na mota bakinsa rabin inci ne mai kusurwa huɗu.

Na ga wanda aka rubuta wa 88V, wani ma 128V. Sun fi 18V ƙarfi ke nan?

Haba malam! Buɗe batirin ka gani: ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace 3.6V, jimilla 18V. Lambar da ke jikin kwalin ado ce. Wanda ya yi maka ƙarya a kan batir, me zai hana shi yi maka ita a kan ƙarfin injin?

To 18V da 20V fa?

Abu ɗaya ne. 20V awon batir ne lokacin da aka cire shi daga caji, 18V awonsa yana aiki.

Nm nawa zan nema domin ya kwance mini komai a mota?

Wannan ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya yi shiru bai gama gaya maka ba. Da farko, ƙarfin da aka ɗaure noti da shi ba shi ne ƙarfin da zai kwance shi ba. Notin da kamfani ya ce a ɗaure a 103 yana iya neman ninki biyu ko uku kafin ya motsa, idan tsatsa ta kama shi, ko mai faci ya zura bututu a wilsifana ya hau kai da ƙafa yana tsalle. Motocinmu kuwa yawancinsu tokumbo ne, wasu daga Kanada ko arewacin Amurka inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙarƙashinsu duk ya ci tsatsa tun kafin su sauka a Kwatano ko Legas.

Na biyu, kamfanoni kan rubuta lambobi biyu, ta ɗaurewa da ta kwancewa, kuma ta kwancewar ce babba, ita suke sa wa a gaban kwali. Kayan Amurka kuma da ft-lb ake rubuta su, ɗaya daidai yake da kusan 1.36 Nm, saboda haka 300 ft-lb ya ɗan haura 400 Nm. Sai ka duba da wane awo ake maka magana.

Idan taya da birki kaɗai ne aikinka a ƙaramar mota, mai 350 zuwa 400 Nm na gaskiya yakan isa, galibi. Na ce na gaskiya, domin injin da ba shi da sunan kamfani a rubuta masa 600 ba yana nufin zai kai ba. Idan kana son taɓa ƙafafun mota, shokazoba da babban notin da ke tsakiyar taya, wanda a motoci da yawa ya haura 200 Nm tun daga kamfani, to ka nemi 600 zuwa 800. Ko da shi ma ban yi maka alkawari ba. Kusar fulin ƙasan inji a Honda ta shahara da taurin kai, takan gagari injina masu tsada. Ya danganta kuma da cajin batirinka, da kaurin soket ɗin, wato kan da ake sa wa bakin injin ya kama noti, da ko ka sa masa ƙarin hannu, domin kowane haɗi da ka ƙara yana shanye wani ɓangare na bugun.

Masu 1000 Nm zuwa sama akwai su, amma suna da nauyi, suna da tsawo, ba sa shiga lungun birki, kuma a hannun sabon shiga sun fi karya kusa fiye da kwance ta. In ba Hilux ko babbar bas kake da ita ba, na tsakiyar nan ya fi maka. Ranar da wani noti ya ƙi, kada ranka ya ɓaci, ba asara ka yi ba. Fesa masa man kashe tsatsa, ka ba shi lokaci, ka karya ƙarfinsa da doguwar sifana, injin ya ƙarasa. In ya yi ta bugu na daƙiƙa goma bai motsa ba, saki makunnin, zafi kawai kake tara wa injin.

Soket ɗin da ke akwatina masu ƙyalli za su yi?

A'a. Suna tsagewa, ɓarɓashin ya nufi ido. Sayi baƙaƙen da aka rubuta wa Cr-Mo. Lamba 17, 19 da 21 sun ishe ka taya: 21 yawancin Toyota, 19 Honda, 17 Golf da Marsandi.

Wane kamfani?

Makita, DeWalt, Milwaukee da Bosch ba a jayayya a kansu, sai dai tsada, ga jabunsu ko'ina. Ingco da Total sun fi sauƙin kuɗi kuma ana samun batirinsu a shagunan kayan aiki. Ni abin da nake tambaya kafin suna shi ne: in batirin nan ya mutu baɗi, ina zan sami wani? Injin da ba a sayar da batirinsa shi kaɗai, ranar da batirin ya mutu shi ma ya mutu. Farashi kuwa kada a tambaye ni, yana bin dala.

Mai kabon ko marar kabon?

Marar kabon, wanda aka rubuta wa Brushless. Bai cika zafi ba, batir ya fi daɗewa.

Zan iya barinsa a but ɗin mota?

Injin, e. Batirin, a'a. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin da ya wuni a rana. Zafi ne ke kashe batirin lithium. Ajiye shi a ɗaki, kada ka sa shi caji yana da zafi daga aiki, kada ka bar shi wata da watanni babu caji ko kaɗan. Ka nemi batir mai 4Ah ko 5Ah, Ah shi ne awon yawan cajin da yake ɗauka. Mai 2Ah yana saurin sanyi idan noti ya yi gardama.

Filogi da notin juye baƙin mai fa?

Kul! Waɗannan da hannu ake yi. Zarensu sau da yawa a cikin alminiyam yake, bugu ɗaya ya isa ya cinye shi.

Tunda yana kwance noti ko da taya tana sama, jak kaɗai ya isa?

Bai isa ba. Jak na ɗagawa ne. Sa ƙafar ƙarfe ta tallafi motar, ka ja birkin hannu, ka tokare tayar da ke ƙasa kafin hannunka ya shiga ƙarƙashi.

Ta yaya zan gwada shi kafin in biya?

Je da motarka shagon. Ce a sa cikakken batir, a kwance noti ɗaya na tayarka a gabanka. Ɗaga batirin ka ji nauyinsa: wanda aka rubuta wa 5Ah yawanci ƙwayoyi goma yake ɗauka, jeri biyu na biyar-biyar, in ka ji shi sakayau kamar fanko, ajiye. Girgiza bakin injin ka ga ko yana lilo. Mai shagon da ya ƙi a gwada, gode masa ka wuce na gaba.