Partagás, Tabar Siga Mai Ƙarfi ta Ƙasar Kyuba

Partagás na cikin tsofaffin sunayen tabar siga a Kyuba, wato tabar da ake naɗewa da hannu da ganye zalla, babu takarda. Jaime Partagás, mutumin Kataloniya ta ƙasar Sifen, ya kafa masana'antarta a birnin Havana a 1845. Kamfanin Habanos S.A., mai dillancin sigar Kyuba a duniya, yana sa ta a sahun masu cikakken ƙarfi, ita da wata tabar siga mai suna Bolívar.

Ganyenta daga Vuelta Abajo yake fitowa, a lardin Pinar del Río. Mutane da yawa na ɗauka duhun ganyen da ya lulluɓe ta daga waje ne ke nuna ƙarfin siga, kuma kuskure ne. Ƙarfin yana ciki. Manoma na raba ganyen gindi ɗaya gida uku: volado na ƙasa, marar kauri, mai taimaka wa wuta ta ci, seco na tsakiya, mai ƙamshi, sai ligero na can sama, wanda ya fi shan rana, ya yi kauri da maiƙo, nikotin ya taru a cikinsa. Shi ligero ya fi daɗewa a ajiya kafin kaifinsa ya kwanta, kuma ba ya saurin cin wuta. Shi ya sa mai naɗi ke cusa shi a tsakiyar dami, sauran ganyen su kewaye shi. In ya karkace gefe, sigar za ta ƙone ɓari guda. Wannan ƙwarewar hannu ta cancanci yabo.

Mashaya na kwatanta ɗanɗanonta da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da yaji irin na masoro. A cikin nau'o'in Partagás, wadda ta fi suna ita ce Serie D No. 4, gajera kakkaura mai jan tambari, tsawonta milimita 124. Lusitanias kuwa ta kai milimita 194.

Bayan gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace masana'antun taba a 1960, iyalan Cifuentes da suka mallaki Partagás suka bar ƙasar, don haka akwai wata Partagás daban da ake naɗawa a Jamhuriyar Dominika domin kasuwar Amurka.

Ko ba a zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba, nikotin na shiga jini ta fatar baki. Wanda bai saba ba kan ji jiri da zufa da tashin zuciya, musamman da yunwa a ciki, kuma shan siga na haddasa kansar baki da maƙogwaro da huhu.