Maganin sa barci kafin saka bututun numfashi: me ake nufi, kuma wanne ya fi?

Idan numfashin baligi ya gagara a ɗakin kulawa ta musamman, likita kan zura masa bututu ta baki zuwa maƙoshi, a haɗa shi da na'urar numfashi. Mai hankali a jikinsa ba zai iya jure hakan ba, don haka ake yi masa allura biyu a jere ta jijiya: ta farko ta gusar da hankali cikin daƙiƙu kaɗan, ta biyu ta saki tsokoki. Ta farkon ake kira maganin sa barci a wannan fage, ba irin wanda ake sha da dare ba.

Matsalar tana ga hawan jini, ko in ce faɗuwarsa. Binciken INTUBE na 2021 a ƙasashe 29 ya nuna kusan majinyata huɗu cikin goma ne bugun jininsu ya rikice yayin saka bututun. Furofofol, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna na sa barci, yana buɗe jijiyoyi ya ƙara sauke jini, shi ya sa ake ɗari-ɗari da shi. Takarar ta koma tsakanin wasu magunguna biyu, etomidet da ketamin.

Etomidet ba ya taɓa bugun zuciya sosai, amma ko allura ɗaya tana dakushe glandar adirinal da ke saman ƙoda, ta rage sinadarin kotisol, mai taimaka wa jiki jure tsananin ciwo, na yini ɗaya ko fiye, alhali mai cutar da ta bazu a jini yana matuƙar buƙatarsa. Wannan ya sa likitoci da yawa suka karkata ga ketamin, mai zaburar da zuciya. Sai dai jikin da ya riga ya galabaita ba shi da sauran abin da za a zaburar, kuma a nan ketamin ma kan sauke jini.

Gwajin da aka yi a Faransa a 2009 bai ga bambancin kirki tsakanin etomidet da ketamin ba. Wanda aka wallafa a 2025, kan majinyata sama da 2,300 a Amurka, ya nuna mace-mace cikin kwana 28 kusan daidai, kimanin kashi 28 cikin ɗari ga masu ketamin, 29 ga masu etomidet. Abin da ya fi jan hankalina shi ne faɗuwar jini ta fi yawa ga masu ketamin, kashi 22, alhali ga masu etomidet kashi 17 ne, akasin abin da aka daɗe ana zato.