Yadda talibambam ya zama mai shaida a kan guba

Duk wanda ya yi wasa a bakin kududdufi da damina ya san talibambam: ɗan kai da wutsiya, ba hannu ba ƙafa. Kwana kaɗan sai ka ga ƙafafun baya sun ɓullo, na gaba su biyo, wutsiya ta shanye, kwaɗo ya yi tsalle ya hau tudu. Abin da ke ba da umarnin wannan rikiɗa sinadari ne daga tayirod, wato ƙullin naman nan na wuya wanda in ya kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Sinadarin na kwaɗo da namu iri ɗaya ne sak, kuma shi ke gina ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

A 1912 aka fara gano haka. Wani masani a birnin Prag mai suna Gudernatsch ya riƙa ciyar da talibambam da sassan jikin doki daban-daban. Waɗanda suka ci tayirod suka daina girma, suka rikiɗe tun lokaci bai yi ba, aka samu kwaɗi 'yan mitsi-mitsi. Shekara biyu bayan nan Edward Kendall ya tace ainihin sinadarin na tayirod a Amurka. A 1916 Bennet Allen ya bi ta ɗaya hanyar: ya cire wa talibambam tayirod ɗin, suka yi ta ƙiba da girma, amma kwaɗo bai fito ba. Magana ta fito fili ke nan, sai dai babu wanda ya yi tunanin guba a lokacin.

Kwaɗon da ake aikin da shi a yau ɗan kudancin Afirka ne, mai farata a ƙafafun baya, ana kiransa Xenopus. Ta hanyar gwajin ciki ya shiga duniya. A shekarun 1930 aka gano cewa in an yi wa macensa allurar fitsarin mace mai juna biyu, kafin gari ya sake wayewa ta zuba ƙwai. Asibitocin Turai da Amurka suka cika da shi. Da aka samu sabbin hanyoyin gwajin ciki, kwaɗon ya riga ya zama ɗan gida a ɗakunan bincike, har wasu masana biyu, Nieuwkoop da Faber, sun tsara rayuwarsa mataki 66 tun 1956.

Batun guba ya taso ne bayan taron da aka yi a cibiyar Wingspread ta Amurka a 1991, inda wata masaniya mai suna Theo Colborn ta tara masana kan sinadaran da ke rikita saƙonnin cikin jiki ba tare da sun kashe nan take ba. A 1996 majalisar Amurka ta umarci hukumar kare muhalli ta tantance magungunan ƙwari ta wannan fuska. Umarni ya yi sauƙi, ma'auni ne babu. Sai 2009 OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta amince da gwajin rikiɗar kwaɗo, mai lamba 231. Kusan shekara ɗari ke nan daga tayirod ɗin doki.

Ga yadda ake yi. Ana ɗaukar talibambam a mataki na 51, lokacin da ƙafar baya ba ta wuce ɗan tsiro ba, a zuba su a ruwa mai sinadarin da ake zargi har kwana 21. A rana ta 7 da ta 21 a auna tsawon ƙafar baya, tsawon jiki da nauyi. A ƙarshe a yanka tayirod sala-sala a duba da madubin likita. Wannan dubawar ce a ganina zuciyar aikin, domin talibambam mara lafiya yakan yi jinkiri ko da gubar ba ta taɓa tayirod ba. Amma in sinadarin irin faklorat ne, wanda ake sa wa a man roka, yakan tare ƙofar da aidin ke shiga tayirod, alhali da aidin ɗin tayirod ke haɗa sinadarinsa, sai a tarar da tayirod ya kumbura. Maƙoƙo dai, a wuyan ɗan kwaɗo. Shi ya sa ma ake auna aidin ɗin da ke cikin ruwan gwajin, don in ya yi yawa sai ya rufa wa gubar asiri.

An yi ta ƙorafi kan tsada da yawan dabbobin da ake kashewa. A 2015 aka ƙara wani gwaji mai tsawo, lamba 241, da ke bin kwaɗon har ya tasa. A 2019 kuma aka amince da lamba 248, wanda ya samo asali daga Faransa: an sauya wa 'yan ƙananan talibambam ƙwayar halitta yadda jikinsu ke fitar da koren haske gwargwadon aikin sinadarin tayirod. Awa 72 ake jira, sannan na'ura ta auna hasken.