Devi (gajeren labari)

Devi gajeren labari ne da harshen Bengali wanda Prabhat Kumar Mukhopadhyay (1873–1932), marubuci kuma lauya ɗan yankin Bengal na Indiya, ya wallafa a shekarar 1899. Yana cikin fitattun labaran da suka taɓo tsananin sadaukarwar ɗan Adam ga Kali, allahiyar da mabiya Hindu na yankin ke kira Uwa.

Labarin ya ginu ne a kan Kalikinkar, wani dattijo mai tarin gonaki da ya ƙare rayuwarsa yana bautar Kali. Wata rana ya yi mafarki cewa allahiyar ta sauko duniya a jikin Dayamoyee, matar ƙaramin ɗansa Umaprasad, yarinyar da ke hidimarsa kullum. Da ya farka sai ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta. Aka zaunar da ita a wurin bauta, ana ƙona mata turare, ana jera mata furanni. Da wani yaro marar lafiya da aka kawo gabanta ya warke, jama'a suka fara tururuwa. Mijin ya shirya su gudu da dare, amma a hanya ta tsaya cak, domin ita ma shakka ta fara kama ta: in da gaske allahiya ce fa? Daga baya Khoka, ɗan wan mijinta da take matuƙar so, ya kwanta da zazzaɓi. Aka ƙi kiran mai magani, aka danƙa mata shi, ya mutu. Ta rataye kanta.

Ƙarfin labarin yana nan inda marubucin ya ƙi mayar da Kalikinkar mugu. Imaninsa na gaske ne, kuma ƙaunar da yake yi wa surukarsa ce ta raba ta da mijinta, da wasa da Khoka, da zaman ɗan Adam gaba ɗaya. Wanda ya karanta shi a matsayin sukar camfi kawai ya bar rabinsa, domin wurin da ya fi ciwo shi ne tsayawar da yarinyar ta yi a hanya.

A 1960 Satyajit Ray, mai shirya fina-finai ɗan Bengal, ya mayar da shi fim mai suna iri ɗaya, Sharmila Tagore ta fito a Dayamoyee, Chhabi Biswas kuma a Kalikinkar. A fim ɗin ba a nuna ta rataye kanta ba, hankalinta ne ya gushe.