Makarantar gwamnati ce, to mene ne na iyaye a ciki?

Tambaya: Tunda gwamnati ke da makaranta, me ya kawo iyaye?

Amsa: Gwamnati ke biyan albashi, ita ke gina ajujuwa ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato. Amma jami'in da ke zaune a birni ba zai san iska ta yaye kwanon aji a wani ƙauye na Tureta ba, ko malami ya yi mako bai leƙo ba. Mutanen gari ke gani.

Tambaya: PTA da SBMC abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. PTA ƙungiyar iyaye da malamai ce kawai. SBMC kuwa kwamitin gari ne dungurungum mai kula da makaranta, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa shi a 2005. A cikinsa akwai wakilin mai gari, malamin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, har da ɗalibai biyu, namiji da mace. Hedimasta ne sakatare.

Tambaya: Wane aiki suke yi a zahiri?

Amsa: Gyaran benci, sayen alli, liƙe rufi kafin damina, tada burtsatsen da ya mutu. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san makarantar da ba ruwa kan watse tun kafin azahar. Sai dai a ganina babban aikinsu shi ne bi gida-gida. Yarinyar da aka ɗora wa talla, ko yaron da aka tura kiwo, takardar ofis ba ta maido su aji. Liman ko mai unguwa ya taka har zaure ya ce, "Malam, ina ɗiyarka?", nan ne uba ke jin nauyi. Ƙungiyoyin iyaye mata kuma su ke shiga cikin gida, inda maza ba su shiga.

Tambaya: Za a iya korar yaro don bai biya kuɗin PTA ba?

Amsa: Bai halatta ba. Dokar UBE, wato shirin ilimin bai-ɗaya, ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole. A nan Sakkwato ma Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a 1999. Kuɗin PTA gudummawa ce da iyaye suka yarda da ita a taro, kuma haƙƙinsu ne a karanta musu abin da aka tara da inda aka kashe shi.