Daga jangali zuwa tallafin mai: me ya sa jam'iyyun Arewa ke sauya magana?

Wai da can a kan me ake rigimar siyasa a Arewa?

Ai gida biyu ne. NPC ta Sardauna, wadda ta zama jam'iyya a 1951, tsoronta kar 'yan Kudu su cinye aikin gwamnati tunda sun riga mu shiga boko, shi ya sa da Enahoro, wani ɗan majalisa daga Kudu, ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956 suka ce a'a sai an shirya tukun, abin har ya kai ga rikicin Kano na 1953. Ita ko NEPU ta su Malam Aminu Kano ba Kudu ce a gabanta ba, En'e ce da hakimai da dogarai, talaka ya noma ɗan geronsa a zo karɓar haraji, Bafulatani a ƙirga masa shanu a ce jangali, in ya yi gardama sai gaban alƙali.

To ina maganar harajin ta shige?

An biya buƙatar ne. PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, dama gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya rage wa sarakuna ƙarfi. Ba a jima ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo.

Me ya sa yanzu ba jam'iyyar da ke kiran kanta ta Arewa?

Doka ce ta hana. Tun tsarin mulkin 1979 sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, ka ga kenan dole ka nemi abokai a Kudu ka sassauta harshe. A 1993 ma Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, garin su Tofa fa.

Daga 1999 zuwa yau fa?

Da farko shari'a ce, bayan Yarima ya ƙaddamar a Zamfara jihohi 11 suka bi, ANPP, jam'iyyar su Yarima, ta ci moriyar wannan sosai. A 2015 Boko Haram ta sa kowa tsaro tsaro, APC ta zo da canji. Yanzu kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 maganar kuɗin mota ce da kwanon masara da 'yan bindiga.

Kenan aƙida ce ke canzawa?

Ni dai a ganina da wuya a kira ta aƙida yanzu. Ɗan NEPU kan sha ɗauri a kan jam'iyyarsa, na yau kuwa ya faɗi firamare ranar Asabar kafin Litinin ya buga fosta da wata tutar, manufofin ma ba ya canza ko layi ɗaya.