Waiwaye: Yadda Birai Suka Shiga Binciken Maiƙon da ke Yawo a Jini Bayan Cin Abinci

Duk wanda likita ya taɓa turawa gwajin maiƙon jini ya san umarnin: kada ka ci komai tun dare, ka zo da safe da wofin ciki. Haka aka yi shekara da shekaru, domin jinin mai azumi ya fi daɗin aunawa. Sai dai mai cin abinci sau uku a rana, jininsa na ɗauke da maiƙon abin da ya ci a mafi yawan sa'o'in yini. Neman sanin abin da ke gudana a waɗannan sa'o'i na cikin dalilan da suka kai masu bincike gaban kejin birai.

Tun a shekarun 1920 Simon Gage na Jami'ar Cornell ya bayyana wasu ƙananan ɗigo da ke cika jini bayan an ci mai, aka kira su kailomaikiron. Hanji ne ke ƙunsa maiƙo a cikinsu ya tura cikin jini, har ruwan jinin ya koma fari kamar an zuba masa madara. A 1943 Paul Hahn ya ga cewa allurar hefarin, maganin hana daskarewar jini, na washe wannan farin a jinin karnuka nan take, a 1955 kuma Edward Korn ya fayyace sinadarin da ke farfasa maiƙon a jikin bangon jijiyoyi. Amma ba wanda ya iya cewa ko wannan kai-komo na da hannu a ciwon zuciya.

Ta ɗaya ɓangaren, Nikolai Anichkov ya riga ya nuna a Rasha tun 1913 cewa zomon da aka ɗura wa kolesterol, wani nau'in maiƙo, jijiyoyinsa na toshewa. Likitoci da dama suka yi watsi da shi, suka ce zomo ganye yake ci, me ya haɗa shi da mutum? Ɓeraye kuwa ba su cike gurbin ba. Yawancin kolesterol ɗinsu a cikin HDL yake, wato nau'in da ake kira kolesterol mai kyau, ba su da sinadarin CETP mai musayar maiƙo tsakanin ɗigon da ke ɗauke da maiƙo a jini, kuma hantarsu na yin furotin apoB48, wanda a jikin mutum hanji kaɗai ke yi. Biri ya dace da mutum a CETP da kuma apoB48. Wannan na biyun ya fi muhimmanci ga gwajin bayan cin abinci: in an ga furotin ɗin a jini, an san maiƙon daga hanji ya fito.

A 1959 Bruce Taylor da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton wani birin resas, nau'in birin Asiya, da ciwon zuciya ya kashe bayan an daɗe ana ciyar da shi abinci mai maiƙo da kolesterol. A 1970 Mark Armstrong da William Connor da Emory Warner a Iowa suka ciyar da birai irin wannan abinci wata 17, sannan suka sauya musu cima wata 40, jijiyoyin zuciyar da suka ƙuntata suka sake buɗewa sosai. A San Antonio ta Texas Henry McGill ya yi ta aiki da gwaggon biri, asalinsu daga Kenya. Duk da haka, yawancin awon na jinin azumi ne.

Donald Zilversmit ne ya juya akalar. A 1979 ya fito ƙarara ya ce toshewar jijiya na iya zama lamarin bayan cin abinci: idan an zuƙe maiƙon kailomaikiron, ragowar da ta saura cike take da kolesterol, kuma tana iya kutsawa bangon jijiya kafin hanta ta kwashe ta. A ganina nan ne tarihin ya fi armashi, don tambayar ta tashi daga "nawa ne a jini" ta koma "yaya saurin kwashewa".

Gwajin a takarda ba wuya. A hana biri abinci cikin dare, a ɗebi jini, a ba shi ma'aunin mai ko kirim daidai da nauyinsa, wani lokaci haɗe da bitamin A don ya zama alama, sai a riƙa ɗibar jini bayan sa'a ɗaya ko biyu har maiƙon ya hau ya sauko. A aikace kuwa akwai ƙura. Biri ba ya miƙa hannu don an roƙe shi. In an kama shi da ƙarfi, tsoro na sauya sukari da maiƙon jininsa. In an sa masa maganin barci, tafiyar abinci a ciki na iya canzawa, sakamakon ya gurɓace. Shi ya sa aka koma horar da birai su miƙa ƙafa da kansu a ba su lada, ko a dasa musu siririn bututu a jijiya. Kyautata wa dabbar da ingancin awon abu ɗaya ne a nan.

A Jami'ar Wake Forest ta North Carolina a Amurka, Thomas Clarkson da Lawrence Rudel sun nuna cewa birai masu cin abinci iri ɗaya ba sa amsawa iri ɗaya: wani kolesterol ɗinsa ya yi sama, wani da ƙyar ya motsa, kuma gado na da hannu. Rudel ya yi aiki da korayen birai na tsibirin St. Kitts da ke yankin Caribbean, waɗanda kakanninsu daga Afirka ta Yamma jirage suka kwaso su a zamanin cinikin bayi. A 1995 ya wallafa sakamakon shekara biyar na ciyar da su manja da wasu man tsirrai biyu, duka haɗe da kolesterol. Man da ke da yawan sinadarin oleik, irin wanda ya yi yawa a man zaitun, ya gyara alƙaluman jini amma bai kare jijiyoyin zuciya ba. Ɗayan man, mai yawan sinadarin linoleik, shi ne ya kare su. Wato kyawun lamba a takardar gwaji bai isa shaida ba.

A 2007 manyan bincike biyu kan mutane, ɗaya a Copenhagen, ɗaya kan mata a Amurka, suka nuna cewa tiraigilisaraid, wato maiƙon jini irin wanda kailomaikiron ke ɗauka, na wanda bai yi azumi ba na hasashen ciwon zuciya. A 2016 ƙungiyoyin masana na Turai suka ce ba dole ne a yi azumi kafin gwajin yau da kullum ba.

Biran sun biya farashi mai nauyi, kuma bai kamata a ɓoye ba: shekaru a keji, ƙarshe a kashe su don a duba jijiya. Indiya ta hana fitar da birin resas a 1978, Amurka ta gyara dokarta a 1985 ta wajabta kula da lafiyar tunanin birai, Tarayyar Turai ta tsananta sharuɗɗa a 2010. Tun 1992 da aka samar da ɓeraye masu sauyayyen ƙwayar halitta da jijiyarsu ke toshewa, aiki mai yawa ya koma kansu. Yau an fi kai biri matakin ƙarshe kafin a gwada magani a jikin mutum, kamar yadda aka yi da magungunan da ke rage furotin apoC-III mai jinkirta kwashe maiƙo daga jini. Ɗaya daga cikinsu, volanesorsen, ya sami izini a Turai a 2019 don masu ciwon gado da jininsu ba ya iya kwashe kailomaikiron.